TSORON HANYA MA NISA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga bazara zuwa faɗuwar ruwan farko, kotunan yankin Funtuwa da Malumfashi ba sa rabuwa da shari'ar gona. Wannan ba baƙon abu ba ne ga jama'ar da arzikinta ke cikin ƙasa, inda masarar Ɗandume da Bakori, da tumatir da raken Ɗanja, da auduga da waken suya suke riƙe da gidaje. Rikicin iyaka, da gado, da jingina, da aron da ya daɗe har aka manta na aro ne, tun kaka da kakanni ake kai su gaban alƙali. Abin da yake baƙo a 'yan shekarun nan shi ne irin mutanen da ake kiran sunansu a zauren kotu, a ji shiru, sai a ci gaba da shari'a a bayan idonsu, a yanke, a rufe littafi.

Ina suka shiga? Mai karatu ya fi kowa sani. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe mutane da dama. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnati da kanta ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, har tsawon watanni. A watan Agustan 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! A tsakanin waɗannan ranakun da aka buga a jarida akwai wasu da babu wanda ya buga, waɗanda a cikinsu magidanta suka ɗaure tabarmi suka bar gidajen iyayensu. Wani yana Zariya yana dako, wani yana Abuja ko Legas yana acaɓa, wani kuma yana cikin daji a ɗaure ana cinikin kansa.

A ɗauka ga wani manomi daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka watse. Shekara uku ke nan bai huɗa gonarsa ba. Da abu ya ɗan lafa, sai wani mai ƙarfin hali, ko mai ƙarfin aljihu, ya shiga ya noma, ya ji daɗin amfanin, sai ya garzaya kotu ya ce ai gonar ta kakansa ce, aro aka bayar. Aka rubuta sammaci, mai kai sammaci ya tarar da kango, ko ma bai isa ƙauyen ba saboda shi ma yana son ransa. Aka ba da izinin a liƙa takardar a ƙofar gida, aka liƙa, gara ta karanta. Mai ƙara ya kawo shaidu biyu, babu mai ja da su, aka ba shi gona. Ranar da mai ita ya dawo da buhun takinsa sai aka nuna masa takarda mai hatimi. A nan ne da yawa daga cikin bayin Allah suke sallamawa, su ce shari'a saɓanin hankali, su bar wa Allah. Alhali kuwa ko a littafin Musulunci ko a littafin boko, irin wannan hukuncin ƙofarsa a buɗe take.

Asalin shari'a a Musulunci shi ne a ji ta bakin kowa. Lokacin da Manzon Allah (S) zai aiki Imam Ali (AS) Yaman a matsayin alƙali, daga cikin abin da ya yi masa wasiyya da shi har da kada ya yanke wa na farko hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farkon, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. A cikin Suratu Sad kuma, aya ta 21 zuwa ta 25, an kawo ƙissar masu husuma biyu da suka hauro wa Annabi Dawuda (AS) wurin ibadarsa, ɗaya yana kukan cewa ɗan'uwansa mai tumaki 99 yana son haɗawa da tasa guda ɗaya tilo. Duk mai jin wannan ƙara zuciyarsa za ta karkata ga mai tunkiya ɗaya. Amma malaman tafsiri da dama sun ce abin da aka ja hankalin Annabin Allah a kai shi ne ya yi magana kafin ya ji ta bakin ɗayan. To idan ƙarar da take kama da gaskiya ƙarara ma sai an ji ɓangare na biyu, ina ga ƙarar gonar da shaidunta suka zo a bayan mashin ɗin mai ƙara?

Wannan ne ya sa malaman Hanafiyya suka tafi a kan cewa asali ba a yanke wa ga'ibi hukunci, wato wanda ba ya nan, sai in yana da wakili. Sauran malamai suka halatta, domin kada haƙƙoƙin mutane su salwanta duk lokacin da wani ya ɗauki ƙafa. Sukan kafa hujja da Hindu 'yar Utba, wadda ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta ba tare da an kira shi ba, duk da wasu sun ce wannan fatawa ce ba hukunci ba. Amma waɗanda suka halatta ɗin ba su sake wa alƙali linzami ba.

Littattafan da alƙalan ƙasar nan suke ajiyewa a kan tebur su ne Mukhtasar na Shaikh Khalil, malamin Masar na ƙarni na 8 bayan hijira, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829. Malikiyya sun kasa ga'ibi kashi uku. Akwai na kusa, wanda tsakaninsa da alƙali bai wuce tafiyar kwana uku ba, hanya kuma lafiya lau. Shi wannan hukuncinsa hukuncin wanda yake nan: a aika masa, ko ya zo ko ya naɗa wakili, in ya ƙi sai a yanke masa, kuma ba shi da bakin magana daga baya. Akwai na nesa ƙwarai, wanda aka buga misalinsa da nisan Ifriƙiyya, wato wajen Tunisiya ta yau, daga Makka ko Madina. Shi ana yanke masa a kan komai, domin jiransa zai cutar da mai haƙƙi. Sai na tsakiya, mai tafiyar kwana goma. Shi kuma ana yanke masa a kan bashi da dabba da kaya, amma ba a cire masa ƙasa ko gida daga hannunsa a ba wani da sunan ba nasa ba ne. Sai ya zo. Malamai suka ce dalili shi ne ƙasa abu ce da ake tsananin jayayya a kanta, kuma ba ta gudu, ba ta ruɓewa, jira ba zai kashe ta ba.

Na biyun nan na ƙarshe, ba a yanke musu sai mai ƙara ya yi wata rantsuwa bayan ya kawo shaidunsa, wadda ake kira yaminul ƙala'i: ya rantse haƙƙin nan yana nan har yanzu, ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai sa wani ya karɓar masa ba. Sannan wajibi ne alƙali ya rubuta sunayen shaidun a cikin littafinsa, domin ranar da ga'ibi ya dawo ya san waɗanda suka ba da shaida a kansa, ya samu damar sukar su. Khalil ya bayyana cewa in ba a rubuta ba, hukuncin warware shi ake yi. Kuma hujjar ga'ibi a ajiye take tana jiransa. A fiƙihun Ja'afariyya ma haka abin yake, har da ƙarin cewa ba a miƙa wa mai ƙara dukiyar sai ya kawo masu tsaya masa, saboda gudun ranar da mai ita zai dawo da hujja.

Yanzu ga wurin da ya kamata alƙalan wannan yanki su tsaya su yi nazari. Da Khalil ya ambaci mai tafiyar kwana goma, sai ya haɗa shi da mai tafiyar kwana biyu idan akwai tsoro a hanya. Kwana biyu da tsoro daidai suke da kwana goma ba tsoro! Wato malaman nan ba tsawon ƙasa kawai suke aunawa ba, suna auna ko mutum zai iya isowa da ransa da dukiyarsa. Wani zai ce ai yanzu zamanin mota ne, daga ƙarshen ƙasar Sabuwa zuwa Funtuwa ba a kwana a hanya. Haka ne, ranar da hanya take lafiya. Amma hanyar da direba ba ya shiga sai ya tambayi wanda ya fito, hanyar da ake tare mota da rana tsaka a kora fasinja daji, wa zai kira ta kusa? Wanda yake hannun masu garkuwa kuwa, ko da dajin da yake ciki ana hango shi daga bakin titi, ya fi mutumin Ifriƙiyya nisa. Alƙalin da ya lissafa ɗan gudun hijira cikin na kusa, ya cire masa gona, ya riƙe lafazin littafi ne ya saki abin da littafin yake karewa.

Akwai kuma wanda yake kusa da gaske amma bai ji ba. Ga shi nan a cikin garin Funtuwa ko Malumfashi, a ɗakin haya ko a wani kangon da aka ba shi aro, wataƙila kullum yana wucewa ta ƙofar kotun da turin baro, sammacinsa kuwa yana can liƙe a ƙauye. Sharaɗin yanke wa na kusa shi ne saƙo ya same shi kuma a yi masa i'izari, wato tambayar nan da alƙali yake yi kafin hukunci ko mutum yana da sauran hujja. Hukuncin da babu i'izari a cikinsa ɓatacce ne a wurin Malikiyya, kuma kotunan ɗaukaka ƙara a Arewa sun sha rushe shari'u saboda wannan kaɗai. Ta ina aka yi wa wanda bai san ana yi ba i'izari?

Haka zancen hauzi, wanda masu cin gonar mutane suke fakewa da shi. Gaskiya ne wanda ya ga bare yana aiki da ƙasarsa shekara goma ya yi shiru, ba a sauraron ƙararsa, tsakanin dangi kuma wa'adin ya fi haka tsawo. Amma sharaɗin shi ne yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana. Shekarun da bindiga ta kori mutum ba sa shiga lissafi.

To a ɓangaren boko fa? Duk da irin abin da ke tsakanin 'yan'uwa da wannan tsarin da Turawan mulkin mallaka suka bari, sanin abin da yake cewa makami ne a hannun raunana. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole a saurari kowa kafin a yanke hukunci a kan haƙƙinsa. Tun 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa in ba a kai wa mutum takardar da ya wajaba a kai masa ba, abin da aka gina a kai rusasshe ne, kuma haƙƙinsa ne a soke, ba alfarma ba. In kuwa an kai masa wani abu ne ya hana shi zuwa, to a nan sai alƙali ya duba, bisa ma'aunin da aka saba ɗaukowa daga shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982. Za a tambaye shi abin da ya hana shi zuwa, da ko ya yi jinkiri bayan ya ji labari, da ko soke hukuncin zai cutar da ɗayan cutarwar da ba ta gyaruwa. Za a duba ko yana da wata kariya mai kama hankali, da kuma yadda ya riƙi shari'ar tun farko. Cikin waɗannan, jinkiri ne yake kayar da talaka. Ya ji labari da kaka, sai ya ce bari a ga bayan sallah, bari a tara dattawa, bari ɗansa ya aiko da kuɗi daga kudu. Kafin nan wanda ya ci shari'a ya sayar wa wani, wanin ya kafa turaku, abu ya zama ihu bayan hari.

Sannan ga wani rami da ba a faɗa wa mutane. Kotunan alƙali na zamanin En'e sun koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, a 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar Katsina ta kafa kotunan shari'a. Jama'ar yankin nan sun ga tsanin da idonsu a shari'ar Amina Lawal: daga kotun Bakori a Maris 2002, zuwa babbar kotun shari'a ta Funtuwa a Agusta, zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina wadda ta sallame ta a Satumba 2003. Shekara ɗaya da rabi ke nan, ga lauyoyi, ga idon duniya. Sai manomi ya ɗauka tsanin nan shi ma nasa ne har sama. Ina! Sashe na 277 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, kuma a 2000 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Magaji da Matari cewa jayayya kan mallakar gona zalla ba huruminta ba ce. Mutum yana iya shafe shekaru yana sintiri a can, ya yi nasara, daga baya a ce masa tun farko ya ɓata hanya, babbar kotun jiha ya kamata ya nufa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali wace ce a sama tsakanin shari'ar da aka yi wa gangami da kundin da aka ɗaure ta da shi. Amma kukan wannan ba zai dawo da gonar kowa ba, a san ƙofar da za a buga kafin a biya kuɗin mota.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan magana ya yi garkuwa da ita. Akwai wanda ya ci bashin taki ko ya karɓi kuɗin jingina, da ya hango mai kai sammaci sai ya haura katanga ya ce a ce ya yi tafiya. Akwai saurayin da ya ajiye 'yar mutane da goyo ya tafi ci-rani, shekara biyu babu aike babu waya, in ta kai ƙara aka raba auren sai ya dawo yana kumfar baki wai an yi masa zalunci. Domin irin waɗannan ne malamai suka halatta hukunci a kan ga'ibi tun farko. Ƙofar warware hukunci ta wanda bai ji ba ce, ko wanda ya ji aka tare shi. Mai laɓewa a bayan ƙyaure kuwa, kunnensa ya ji, kuma ko ya sha a kotu da wayon baki, Manzon Allah (S) ya riga ya gaya wa masu irin wannan nasarar, a hadisin Ummu Salama (RA), cewa yankin wuta ne suka karɓa. Wannan gargaɗin ya hau kan wanda ya lallaɓa ya kai ƙarar maƙwabcinsa don ya san ba ya gari, ya kuma hau kan shaidun da suka raka shi.

Saura magana da 'yan'uwa matasa, ko da za ta yi ɗaci. Akan samu wanda za a kawo wa sammaci, nasa ko na mahaifinsa, sai ya yar ya ce shi ba ruwansa da kotun ɗagutu. Ƙin zalunci abu ne mai kyau, amma wa ya ci ribar wannan yarwar? Mai ƙara ne, wanda aka ba fili shi kaɗai. Kuma wanda ya yar da sammaci da hannunsa ya mayar da kansa na kusa da ya ƙi zuwa, ya toshe ƙofar da ake ta bayani, a fiƙihu da boko baki ɗaya. Lokacin da Ƙuraishawa suka aiki Amru bin Asi Habasha ya karɓo Musulmin da suka yi hijira, so ya yi a miƙa su ba tare da an ji ta bakinsu ba. Najjashi, yana Kirista a lokacin, ya ƙi, ya ce sai an kira su. Da aka kira su Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) bai ce ba ya tsayawa gaban sarkin da ba Musulmi ba. Ya je, ya ƙi yin sujada, ya faɗi gaskiyarsa, aka mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukansu suka koma hannu rabbana. Haka nan tara gayya a je a tumɓuke shukar wanda ya ci shari'a ba abin da yake haifarwa sai sabuwar ƙara ta laifi, a kwashe matasa a kulle, gona kuma tana nan a hannun wancan.

Aikin da yake gaban matasa ya fi wannan natsuwa. Dattawan da suka yi hijira yawancinsu ba sa karanta boko, wanda ya yi sakandare ya yi Islamiyya shi ne idonsu. Duk wanda zai bar gari, ci-rani ne ko gudun tsira, ya naɗa wakili a gaban shaidu, ya bar wa mai unguwa ko dagaci lambar da za a same shi. Aro da jingina a rubuta su, ko da da ajami ne, a sa hannu. Wanda ya ji ana kiran sunan ɗan ƙauyensu a kotu ya nemi yadda zai sanar da shi a ranar, in ya samu dama ya shaida wa kotu cewa mutumin nan gudun hijira ya yi, ga inda yake. In kuwa an riga an yanke, to ranar da labari ya iso washegari a wayi gari a ofishin rajistara a nemi kwafin shari'a, a duba wa aka ce an ba sammaci, a ina, ran nawa ga wata, su wane ne shaidu, an yi rantsuwa ko ba a yi ba. A nemi kotun da ta yanke ta warware, da shaidar abin da ya hana zuwa, ko ta mai unguwa ko ta waɗanda aka gudo tare. In ta ƙi sai a ɗaukaka da wuri, domin wa'adin ɗaukaka ƙara da kwanaki ake ƙirga shi. A nemi kuma umarnin hana sayarwa ko taɓa gonar kafin a gama.

Alƙalin da aka koma gabansa kuma ba abin kunya ba ne ya warware abin da ya ƙulla. A wasiƙar Sayyidina Umar (RA) ga Abu Musal Ash'ari, wadda ɗaliban alƙalanci suke haddacewa, an hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Abin da ya fi sauƙi ma shi ne tun ranar da aka shigar da ƙarar gona daga ƙauyen da kowa ya san ya watse, alƙali ya tambayi mai ƙara inda abokin shari'arsa yake da kuma yaushe rabonsa da garin, ya kira mai unguwa ya tabbatar, sannan ya ajiye maganar mallaka sai mai gona ko wakilinsa ya tsaya a gabansa.